Damin Asfaragus na Ƙarshe

Ya Reinhold, sanyin idona, raɓar safiyar gonata, kurman da ya fi kowa jin maganata,

Ina fata kana lafiya a ɗakin da 'yarka Frauke ta killace ka a Bremen tun faɗuwar da ka yi a matakala. Ni kam ba lafiya nake ba. Fushi nake, kewarka nake, ban ma san wanne ya fi cin raina ba.

Jiya ta kira ni a waya. Wai shekara saba'in da huɗu ba lokacin aure ba ne, wai kunnenka ya tafi, wai in ƙyale ka ka huta tunda mu biyun mun riga mun bushe. Bushe! Frauke ce za ta koya mini abin da ya bushe? Yarinyar da na ba wa asfaragus, kayan lambun nan mai dogon kara da nake nomawa, yankan asuba, ta bar shi cikin leda a bayan mota yini guda, ta dawo tana mitar duk zare ne? Wadda ke sayen na kwalba a tsakiyar Mayu, gonaki na fidda shi ko'ina?

Shekara arba'in ina rumfar bakin hanya, kuma ban taɓa tambayar asfaragus ranar haihuwarsa ba. Bakin yankan nake matsawa da farce: in ruwa ya tsattsafo, da ransa. Kan nake dubawa, ko a tsuke yake. In na lanƙwasa kara, ya karye ƙas, kada ya bi hannuna kamar igiya. Sai in goga biyu da juna, in sun yi tsuwa, an gama magana. To, ta zo ta matsa ni ta gani!

Ka tuna ranar da ka fara tsayawa a rumfata bara, da kekenka da hular nan taka mai ban haushi? Ka ce ta yaya za ka san na yau ne. Na goga kara biyu, ka ce ba ka ji ba. Na matso kunnenka na dama, ka girgiza kai. Na zagayo na hagu har gashina na taɓa kumatunka, na goga sau uku, kana ta cewa in sake. Sai da muka yi wata biyu ka amsa laifinka, cewa tun gugar farko ka ji. Tsohon maƙaryaci! Tun ranar zuciyata take tsuwa, ba ta yi shiru ba.

Na san tsoro ne ke damun Frauke, ba mugunta ba. Amma ajiyar da ta yi maka irin ta leda ce, a ƙulle, ba iska, kuma a haka abu ke ruɓewa. Kai kuma ka yi tsit don kada ka ɓata mata rai. Nawa ran fa, masoyina? Wa ya ce maka na dutse ne?

Yau ashirin da huɗu ga Yuni, ranar rufe kakar asfaragus, mun ajiye wuƙaƙen yanka, gona za ta huta sai baɗi. Damin ƙarshe ban sayar ba, ko matar limamin coci da ta nace ban ba ta ba. Ban fere shi ba, ban wanke ba. Na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, na kwantar a ƙasan firji, kowace safiya zan sake jiƙa ƙyallen. Kwana uku yake yi da daɗinsa, ba ya ƙarawa. Ba zan daskarar da shi ba, kada ma ka roƙe ni. Na gaji da abubuwan da ake ajiyewa sai wani lokaci.

Ka zo ran Lahadi. Akwai sabon dankali, akwai man shanu, akwai kujerarka kusa da taga. Ka zo ka faɗa mini da bakinka ranar da za mu je a ɗaura mana aure.

In ba ka zo ba, ni zan zo. Zan rungumi damin in hau jirgin ƙasa, in tsaya a falon Frauke, in goga kara biyu a kunnenka na hagu tana kallo. Wannan karon sau ɗaya zan goga, Reinhold, don na san kana ji.

Taka, yau da baɗi da duk kakar da ta rage mana,
Gesine