Inna Tana Zaton Na Hana Ƙanena Jini

Goggo Larai, don Allah ki taimake ni, abin ya yi mini nauyi. Ni ɗan kasuwa ne daga Tozai. Da damina ƙanena Lawwali ya faɗi a babur, yana dawowa daga kasuwar Bafarawa, ya zubar da jini sosai. Da munka kai shi asibiti anka ce sai an ƙara masa. Jininmu iri ɗaya ne, na miƙa hannu da murna. Sai ma'aikacin asibitin ya ja ni gefe, ya ce gwaji ya nuna alamar ciwon hanta, ba za a sa masa nawa ba. Kafin a samo wani, Lawwali ya cika.

Kunya ta hana ni faɗi, don a wurinmu ana ɗaukar irin wannan cutar ta masu neman mata ce, ni kuwa Allah shaida ne. Na ce da dangi kawai ba a ɗauki jinina ba. Yanzu Inna tana zaton tsoro na ji. Wata huɗu ke nan in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Na je Sakkwato a ɓoye, anka yi mini gwajin nan mai gano ƙwayar cutar kanta, anka ce tana nan da yawa. Takardar tana cikin aljihuna. Matata Zulaiha tana da ciki wata bakwai, ita ma ba ta sani ba. Ta ina za ni fara?

Mai kukan zuci, Tozai

Ɗana, Allah ya jiƙan Lawwali. Ba ka hana shi jini ba, ka miƙa, kuma ma'aikacin bai yi kuskure ba da ya ƙi sa wa mai rauni jini mai cuta.

Ciwon hanta ba shaidar lalata ba ne. Da yawa tun suna jarirai suke ɗauka, su girma ba su sani ba.

Ka fara da Zulaiha, yau. Kai ta a gwada ta, in ba ta da shi a yi mata rigakafi, jaririn kuma a yi masa a ranar da aka haife shi. Kai ma koma wa likita da takardar nan. Amfanin wannan gwajin shi ne ya nuna yawan ƙwayar, a san ko lokacin fara magani ya yi.

Kada ka ga laifin Inna. Ta binne ɗa, kuma rabin labari ka ba ta. Ka tafi da wani babba da take jin nauyinsa, ka durƙusa ka faɗa mata komai. Za ta yi kuka, amma za ta san ɗanta bai guji ɗan'uwansa ba. Ita da sauran 'yan'uwanka ma a gwada su.

Allah ya ba ka lafiya, ya sauki Zulaiha lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna.

Goggo Larai