Mutum Uku Na Yarda Su Ɗauki 'Yata

Zuwa ga Baba Alhaji, shugaban kwamitin makarantar yamma ta unguwarmu a Concourse Village, da sauran iyayena dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Ina neman afuwa tun kafin in fara, domin na san ba tarbiyyarmu ba ce a rubuta wa manya wasiƙa a kafa ta inda kowa zai karanta. Sau biyu na je gidanku ban same ku ba, a na uku aka ce in bari sai ƙura ta lafa. Na bari, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Sunana Rabi, mahaifiyar Nusaiba mai shekara bakwai. Aikina kula da wata tsohuwa ne a St. George. Kullum sai na bi jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, in hau jirgin ruwa in tsallaka, dawowa kuma takan ci mini kusan awa biyu. Daga ƙarfe uku da ake tashin yara daga boko zuwa ƙarfe shida, 'yata tana hannunku. Ku kuka tsaya tsayin daka har wurin nan ya sami lasisin kula da yara, ban manta ba. Saboda lasisin nan ne na kawo ta wurinku maimakon in ajiye ta a ɗakin wata maƙwabciya. Ga abin da ke damuna.

Na ɗaya, abin da ya faru ranar Laraba, makonni uku da suka wuce.

Ranar da na yi wa Nusaiba rajista an ba ni fom, aka ce in rubuta waɗanda na yarda su ɗauke ta. Na rubuta mutum uku: ni, ƙanwata Zainab, da mijin Zainab. Littafin ƙa'idoji da aka raba wa iyaye ya ce ba a sakin yaro sai ga wanda sunansa ke cikin fom, kuma sa hannunku ne, Baba, a shafin farko.

A ranar kuka zo da kanku, kuka ce kakar Nusaiba ta wajen uba ta zo daga gida, ta sauka a Harlem, Juma'a za ta koma, an roƙe ku ku kai mata jikarta ta gani. Malama Sa'adatu, mai riƙe da ajin ƙanana, ta durƙusa ta gaishe ku, ta kawo muku kujera, ta ce ku yi mata haƙuri sai ta ji daga bakina. Sau huɗu ta kira ni. Ina banɗaki ina yi wa tsohuwa wanka, wayar tana cikin jaka. Wannan laifina ne, na ɗauka. Da ba ta same ni ba ta ƙi sakin yarinyar, kuka tashi da ɓacin rai a gaban wasu iyaye da suka zo ɗaukar nasu.

Na san ya yi muku zafi. A Kano inda na tashi, dattijo irinku zai kama hannuna daga makaranta ya kai ni gidan dangi, mahaifiyata kuma godiya za ta aika. Amma Malama ba raina ku ta yi ba. Dokarku ta bi, a kanku kuma ta fara aiki.

Na biyu, dalilin da ya sa sunayen uku ne.

Ban so faɗin wannan a bainar jama'a ba. Ni da mahaifin Nusaiba mun rabu, kotu ta tsara ranar da yake ganinta, Asabar ce. Wansa ya taɓa tura 'ya'yansa biyu gida hutun wata guda ba da sanin uwarsu ba. Yau shekara uku ke nan, matar tana nan a gininmu, ta waya take ganin girmansu. Ban ce abin da aka shirya wa 'yata ke nan ba, kuma wallahi ban zarge ku da komai ba, aike aka yi muku kuka karɓa da zuciya ɗaya. Sai dai ba ku san wannan tsoron nawa ba, Malama ma ba ta sani ba, kuma bai kamata sai na zauna na zazzage wa kowa cikina kafin a tsare mini 'ya ba. Aikin fom ke nan. Washegari Alhamis na nemi izinin tashi da wuri, na kai Nusaiba Harlem da ƙafata, ta gaida kakarta, tsohuwar ta sa mata albarka. Ban hana zumunci ba.

Na uku, yadda aka sallami Malama Sa'adatu.

Ranar Juma'ar makon, bayan an idar da salla, mutum huɗu cikin ku tara suka tsaya a bakin masallaci, kowa yana laluben takalminsa, aka yanke cewa ta ci fuskar shugaba. Da yamma aka tura mata saƙon murya cewa ta huta tukuna. Ba a kira ta an ji ta bakinta ba. Anti Mariya, daraktar wurin, wadda ita jami'an duba makaranta ke nema duk lokacin da suka zo, a bakin iyaye ta ji labari.

Na tambayi sakatarenku takardar zaman da aka yi. Ya yi murmushi ya ce dattawa in sun yi magana ta zauna, ba sai an rubuta ba. Na girmama maganar dattawa, amma littafinku ya ce ba a dakatar da ma'aikaci sai kwamiti ya zauna, an sanar da shi, an rubuta. Ya kuma ce iyaye suna da kujera a kwamiti. Da na bincika, sai na tarar wanda ke kan kujerar tamu bara ya aurar da autarsa. Allah ya ba shi jikoki ya kawo su makarantar, sannan ya san abin da muke ji in ƙarfe uku ta yi.

Na huɗu, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro.

An kawo wata baiwar Allah, 'yar'uwar ɗaya daga cikinku, ta riƙe ajin. Ba ni da ƙorafi a kan halinta, tana da fara'a, yara suna sonta. Amma da bakinta ta gaya mini ba a ɗauki zanen yatsunta ba, ba a yi mata binciken da ake yi wa duk mai zama da yara ba, an ce za a yi daga baya. Ta kuma ga abin da ya sami wadda ta gada, ta ɗauki darasi.

Talatar da ta wuce, maƙwabciyata Maman Faruk ta je ɗaukar ɗanta, sabuwar malamar ta ce ta haɗa da Nusaiba tunda hanyarsu ɗaya. Maman Faruk mutuniyar kirki ce, amma sunanta ba ya cikin fom, kuma sai ta biya kanti da yaran. Ƙarfe shida saura kwata Zainab ta isa, babu yarinya. Malamar ta riga ta tashi, littafin sa hannu babu komai, ma'aikaciyar da ta rage ba ta san da wa aka tafi ba. Zainab ta kira ni ina tsakiyar ruwa. Baba, babu inda mutum zai gudu a cikin jirgin ruwa. Na kira mahaifin Nusaiba na ɗaga masa murya a kan abin da bai sani ba. Na tsaya a bakin ƙarfen fita ina kuka, baƙi suna kallona, ina lissafin ko an kai ta filin jirgin sama. Muka bi maƙwabta da kira, minti ashirin aka yi kafin Maman Faruk ta ɗaga waya ta ce yarinyar tana wurinta. Tun ranar, a wurin aiki sau biyu na manta lokacin maganin tsohuwar da aka ba ni amana.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. A mayar da Malama Sa'adatu bakin aikinta, a kuma gaya mata a gaban iyaye cewa ba ta yi laifi ba. Kada kowa ya sake zama da yara sai an gama bincikensa, ko ɗan wane ne. A faɗa wa ma'aikata a rubuce cewa fom yana aiki a kan kowa, har da 'yan kwamiti. Sannan kwamiti ya zauna zama na gaskiya, a kan kujeru, da darakta, da mai rubutu, da wakilin iyaye wanda ɗansa ke cikin makarantar yanzu.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuka sha wa 'ya'yanmu, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi a bakina. A jikin ƙofar makaranta akwai lambar ofishin da ya ba ku lasisi, ta iyaye masu ƙorafi. Na kwafe ta. Idan Juma'a biyu suka wuce ba a zauna ba, zan kira. Na san abin da kiran zai iya jawowa. Ana iya rufe wurin, iyaye irina su rasa inda za su ajiye yara, nawa aikin ma ya tafi, kuma a masallaci za a daɗe ana nuna ni da baki. Na auna duk wannan, na ga zan iya ɗauka. Rasa 'yata ne ba zan iya ba. Na faɗa muku tun yanzu don kada ku ji a bakin wani. Don Allah, Baba, ku kira zaman nan, kada ku bar ni in zama matar da ta kai iyayenta ƙara.

Wassalam.

'Yarku,
Rabi, mahaifiyar Nusaiba