Littafi na Ɗaya Yana Hannun Kaka

Kebbe,
Jihar Sakkwato.
Lahadi, 18 ga Agusta.

Zuwa ga Yayana Dawuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi daga ƙanwarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin lafiya, kai da Anti Ni'imatu da Baba ƙarami. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin damina, ya sa albarka cikin aikinka na Fatakwal. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita unguwa ba sanda. Ruwa ya zauna bana, gero ya fara fidda kai, sai dai hanya ta lalace kamar yadda ka san ta. Hindatu ɗiyar Baffa Sambo, da ta zo gida haihuwa, ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Gidaɗo. An yi suna nan gidanmu mako biyu da suka wuce. Ka riƙe maganar sunan nan, don ita ce mafarin abin da ya sa na rubuto.

Yaya, ranar Juma'a da ka kira wayar Inna ka tambaye ni ko kwalinka ya iso lafiya, na ce ya iso lafiya. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Na ji yadda muryarka ta yi daɗi, sai bakina ya mutu. Ka san ni, magana ba ta fita mani gaban manya, ko ta waya ce. Shi ya sa na yage takarda daga tsohon littafina na firamare, zan ba Ɗangiwa mai kai shanu Fatakwal ya miƙa maka hannu da hannu.

Zan fara da abin da ya tafi daidai, don kada ka ɗora wa wanda bai yi laifi ba. Mutumin Ibadan da ka sayi littattafan zanen nan goma sha biyu gare shi ta intanet ya cika alkawari. Masu kai saƙo sun ce motarsu ba ta shigowa Kebbe da damina, sai suka tsaya Tambuwal, shagon Na'iya abokinka, kamar yadda ka shirya. Na bi motar kasuwa na tafi. Na yi duk abin da ka karanta mani a waya. Kafin in sa hannu na juya kwalin ta kowane gefe, na duba kusurwoyinsa, ba inda ya lotsa, ba inda ya jiƙe, salatif ɗinsa bai ɗago ba. Na'iya ya ɗauki hoto da wayarsa, har yana yi mani dariya wai ina duba kwali kamar mai sayen akuyar layya. Da za mu dawo direba ya ce a ɗora shi saman mota tare da buhunan taki, a ɗaure da igiya. Yaya, na ce masa a'a. Ni da kaina, gaban mutane. Na rungume shi bisa cinyata, na rufe shi da hijabi, ruwa na shigowa ta tagar da ba ta da gilashi. Da motar ta kafe a laka aka ce kowa ya sauka, na tsaya ƙarƙashin bishiya na ba ruwa bayana. Na iso gida jiƙe sharkaf, amma kwalin ko ɗigo bai samu ba. Na ɗora shi bisa kabad ɗin Inna, nesa da ƙasa, saboda gara da sanyi. Ranar nan har alfahari na ji.

Washegari ne suna. Da hantsi aka aike ni da wasu 'yan mata kai tuwon suna gidajen dangi. Ashe ina fita wani ya faɗa wa Kaka cewa saƙo ya zo daga Dawuda. Ka san yadda gidanmu yake, duk abin da ya shigo daga mai tafiya tsaraba ne, Kaka ke buɗewa, ita ke rabawa. Ta aika a kawo. Inna ta san ka ce na ajiya ne, don na faɗa mata, amma ta yaya za ta hana surukarta abu gaban mata cike da gida? Ta sauke shi da hannunta ta miƙa.

Na dawo na iske Kaka zaune bisa tabarma tsakar gida, kwalin a buɗe gabanta. Sai lokacin na ga aikin da mutumin nan ya yi. Kowane littafi cikin ledarsa mai kauri, da farin kwali a bayansa don kada ya lanƙwashe, duka an naɗe su cikin wata leda mai ƙurajen iska, an cike gefe da gefe da takarda don kada su motsa. Tafiyar kwana biyar daga Ibadan, ba wanda ya karye ko kunne. Yara kuwa sun riga sun kwashi ledar mai iska suna fasawa ɗaya bayan ɗaya.

Kaka ta gane su, Yaya. Inna ta ce da ta zaro na farko ta ga hoton gingimarin nan a bango, sai ta ɗaga shi sama. Sannan ta ce wa matan wanga ai littafin Namadi ne. Ta ba su labarin yadda Baba yake sayo su ɗaya-ɗaya daga Sakkwato lokacin yana makaranta, zamanin da aka ba mu jiha, kuɗin mai ya cika gari, ana ta shimfiɗa kwalta. Ta ce in ya zo hutu a nan gindin bedin ƙofar gida yake kwanciya da su, awaki na cin geron mutane bai sani ba, har ta taɓa hura wuta da ɗaya don haushi. Daga nan ta yanke da kanta cewa sadaka ce ka aiko a raba wa yara don Allah ya kai lada kabarin Baba. Ta shi maka albarka, mata suka amsa. Ta fara kiran yara ɗaya-ɗaya, duk wanda ta ba sai ta ce ya yi wa Namadi addu'a.

A nan laifina yake. Lokacin da na shigo saura bakwai gabanta. Ina tsaye bakin zaure da kwano a hannu. Da na buɗe baki da na ceci bakwai. Na san shekara nawa ka yi kana neman su tun da gara ta cinye na Baba cikin akwatin katako. Na san ka ce ba na karatu ba ne, na ajiya ne, in an taɓa su da hannu mai maiƙo darajarsu ta tafi, kuma samun dukansu a jere abu ne da ba za ka ƙara gani ba. Duk na sani. Amma mata sun fi talatin, Kaka kuma tana hawaye tana murmushi. Ina kallo har kwalin ya zama fayau. Yanzu kazar Inna ke kwanci a ciki.

Da gida ya watse na faɗa wa Inna zan bi su in karɓo. Ta ce in yi a hankali, don karɓe sadaka abin kunya ne. Na soya gyaɗa na ƙulla a leda, ina bi gida-gida ina musanya da yara. Biyar na same su yadda suke, ba a ma buɗe ledarsu ba, don uwayen sun karɓe sun adana cikin kwalla. Sun ba ni, amma wata ta ce in gaida yayan nawa mai kyauta da igiya a ƙafa. Na sunkuyar da kai na fito. Uku sun sha wahala. Ɗan gidan Atu ya bi gingimarin da jan biro shafi-shafi, wai motar ba ta da fenti. Ɗaya bangonsa ya rabu da jikinsa, kuma man ƙosai ya ratsa shi har tsakiya. Ɗaya kuma akuya ta ɗanɗana kusurwarsa. Wani ya bi baƙi har Jabo, sai shekaranjiya Ɗan'iya mai babur ya dawo da shi cikin aljihu, ya ninke shi gida huɗu don kada ruwa ya taɓa shi. Ya miƙo mani yana jiran in yaba. Na yi masa godiya.

Biyu kuma Baffa Sambo ya ƙwace hannun ɗalibansa suna kallo lokacin karatu. Da na je na durƙusa na yi masa bayani da ƙyar, ya ce in dawo gobe. Na koma na iske ya yi musu gatan da yake yi wa littattafansa na ilimi. Ya cire ƙananan ƙarafan da suka riƙe tsakiya, wai tsatsa na cin takarda, ya ɗinke su da zare, ya datse gefen da ya yi ja da aska ya daidaita. Sannan ya rubuta da tawada a bangon kowanne, da ajami, cewa wannan mallakar Dawuda ɗan Namadi ne, Allah ya jiƙan mahaifinsa. Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Ya ce in faɗa maka yanzu sai su shekara ɗari, kuma mai littafi ba ya barin littafinsa ba suna. Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya saka da alheri. Sai da na kai bayan masallaci na yi kukana.

Goma sha ɗaya ke nan. Na mayar da kowanne cikin leda da farin kwalin da na iya tsintowa, na sa su cikin akwatin ƙarfe na Inna, na ɗora bisa bulo. Ɗangiwa ya ce in kawo ya taho maka da su, na ƙi, don na san yadda motar shanu take. Ina roƙonka kada ka rubuta wa mutumin Ibadan baƙar magana a shafinsa, kada kuma ka nemi ya mayar maka da komai. Hoton da Na'iya ya ɗauka shaida ne. Duk abin da ya same su, cikin gidanmu ya same su.

Saura na ɗaya, wanda ka ce ya fi duka wuyar samu, wanda saboda shi ka yarda ka sayi sauran. Yana hannun Kaka. Shi kaɗai ta riƙe wa kanta. Ta cire shi daga leda, ledar ta sa katinta na asibiti a ciki. Yana ƙarƙashin filonta tare da tasbaha. Bayan azahar takan fiddo shi, ta lashi yatsa ta buɗe, kuma ka san bakin Kaka ba ya rabuwa da goro. Kullum sai na ga sabon jan tabo a gefen shafi. Na kai mata wata leda na ce ko za ta sa shi don ƙura, ta ce ita ba ta ga amfanin littafin da ba a taɓawa ba. Ta ji labarin yawon da na yi gidajen mutane. Ba ta yi mani faɗa ba, kwana uku dai ba ta kira ni in ci sauran furarta ba. Da Inna ta lallaɓa ta yi mata bayanin cewa ba sadaka ba ce, sai ta ce to, in angon nata yana son littafinsa, ya zo da ƙafarsa ya karɓa, ai shekara uku ke nan muryarsa kawai take aure cikin waya. Mata suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Na rasa dabara, sai na ce mata in karanta mata, tunda idonta ba ya ganin rubutu. Na yi haka ne don ya riƙa zama hannuna maimakon nata. Nakan wanke hannu da sabulu in shanya, in riƙe shi ta gefe, ita kuma tana nuna hoto da yatsa tana cewa a nan ne Namadi yake dariya har ya shaƙe. Ni ban san dariyar Baba ba, Yaya, shekarata biyar ya rasu. A bakinta nika jin yadda yake. Ka yafe mani, na san ka ce kada a karanta.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Baba ƙarami. Baffa Sambo da Hindatu suna gaisuwa, Na'iya ma ya ce in gaishe ka. Ka gaida Anti Ni'imatu, ka ce mata kukar da ta ce tana so tana cikin ƙullin da ke tare da wannan takarda. Ka gaida Kawu Tambaya in kun haɗu a masallacin Juma'a.

Jiya muka kai shafin ƙarshe. Labarin ya tsaya daidai inda gingimarin ya hau gada ruwa ya fara cin ƙafar gadar. Kaka ta ce ta manta yadda direban ya yi ya fita, kuma ta san sauran suna cikin akwatin Inna, in ɗauko mata na biyu. Na biyun yana cikin biyar ɗin da ba a taɓa buɗewa ba. Na ce mata makullin ya ɓace. Ta dube ni ta ce in neme shi a hankali, ita ba inda za ta je sai inda Namadi ya tafi. Makullin yana ɗaure a bakin zanena yanzu da nike rubutun nan. Ɗangiwa sai ya kwana huɗu a hanya. Don Allah ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira wayar Inna, ka ce a ba Kaka, kada ka ce a ba ni. Ni ba ni iya ce mata a'a sau biyu.

Wassalam. Ƙanwarka mai neman afuwarka,
Bara'atu Namadi.