Gayyar da Ban Dama wa Fura Ba

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da ƙannena, yaya damina a Makoda? Ina lafiya a Indiya, abincinsu ne dai muke ta fama da shi.

Tsohuwar kwamfutata ta tsaya cak dab da jarrabawa. Wani abokin karatuna ya sa mata manhajar Linux Mint, ta tashi garau, har ni ɗan koyo na iya sarrafa ta. Manhajar kyauta ce, wai mutanen ƙasashe daban-daban ne suka haɗu suka gina ta, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Baba, gayya fa aka yi mini, ko ruwa ban ba kowa ba.

Don Allah Inna ta dama fura, a raba a ƙofar gida da sunan masu gayyar.

Ɗanka,
Uwaisu