Allurar da Mama Ta Ɓoye

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki?

Gara ka ji daga bakina: an ɗaga aikin kafaɗar Mama wata uku, kuma ni ce sila.

Ka ce in raka ta asibiti in riƙe jaka in kama bakina. Na riƙe jakar. Likita ya ɗauko kafaɗar roba ya nuna mana wata jijiya da ta tare gaba kamar labule, dole a kawar da ita kafin a saka mahaɗar ƙarfe. Ko a yanke ta a ɗinke, ko a ɗago ta da ɗan ɓallin ƙashin da take manne da shi, a mayar, ƙashi ya kama ƙashi. Ya ce duka biyun ana yi, shi yanka ya saba da shi in jijiyar na da ƙwari. Sai ya tambaya ko an taɓa yi mata allura a wurin. Mama ta ce a'a.

Yaya, shekara biyu ina raka ta wajen mai kemis yana soka mata allurar kashe ciwo a kafaɗar, don ta iya zama kan keken ɗinki. Ta ƙarshe sati biyu da suka wuce. Ta hana ni faɗa wa kowa. A littattafan da nake karantawa yarinya takan miƙe ta yi jawabi kowa ya yi tsit. Ni takalmin likita na kalla, na ce, "Sau tara."

Ya ce allurar tana iya cinye jijiya, kuma yin aiki yanzu kasadar ƙwayar cuta ce. Hanyar ƙashi zai bi.

Mama ba ta kula ni tun ranar. A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ga wasiƙarki. Da kyar na samu hutun nan don in zo ranar aikin, kin watsa shi. Kin ƙaryata mahaifiyarki gaban baƙo, ke da ko sallama sai an ce ki ɗaga murya. Littattafan soyayyar nan ne suka juya miki kai. Ki ba ta haƙuri, ki koma ki ce wa likita kin ruɗe ne, a bar ranar yadda take.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Haƙuri na ba ta sau uku, har da durƙuso. Komawa wajen likita kuwa ba zan yi ba, ko za ka ƙona littattafan duka. Suna ƙarƙashin katifa, kada ka sha wahalar nema.

Kai ba ka nan da safe. Ni nake ɗaure mata zane ta baya, tana kau da kai don kada in ga fuskarta. In aka ɗinke jijiyar ɗinkin ya tsinke, haka za ta ƙare. Mama da kanta take korar masu kawo tsohon yadi, tana cewa abin da ya ruɓe ba ya riƙe zare. Na tuna mata, ta jefe ni da abin awo. Da hannun hagu, bai ma iso ni ba.

Ka yi fushinka, Yaya, ba ya tsinka jijiya.

Taka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Sati shida ke nan da aikin, hoto ya nuna ƙashin ya fara kamawa. Likita ya ce da ya buɗe, jijiyar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Ya tambayi Mama ko tana ɗaga kaya a ɓoye. Ta buɗe baki, ta kalle ni, ta ja tsaki.

"Tambayi wannan," ta ce. "Ko na faɗa, ita za ka yarda da ita."

Na ce butar shayi, sau biyu.

A gaida Anti.

Auta