Na Koya wa Munzir Ya Kira Ni Anti

Ard al-Liwa, Alƙahira
Satumba, 2014

Zuwa ga Gwaggo Fatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida a Gusau. Yaya ciwon gwiwar? Na san dai bai hana ki zuwa biki ba, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Mijin marigayiya Yaya Mariam, Malam Ya'ƙub, ya gama karatunsa, bayan babbar salla zai dawo gida gaba ɗaya.

Gwaggo, maganar Jamus ta tabbata, an ba ni biza. Shirin nan ne na 'yan mata da ke zama da wani iyali shekara guda, suna renon yara suna koyon harshe. Ya kamata in yi murna, amma tun da na karɓo fasfo ban ci abincin kirki ba. Matar ofishin da ke shirya tafiyar a unguwar Mohandessin, Madam Duaa, ta nemi shaidar cewa na iya reno. Na yi dariya, na ce ai tun da Yaya Mariam ta rasu ta bar Munzir cikin tsumma, a bayana ya girma, Misirawa suna ta kallon goyona a jirgin ƙasa na metro. Ni na yaye shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa. Sai ta ce renon ɗan dangi ba ya shiga lissafi, mai ɗa kuma ba a ɗaukarta sam. Na yi mata bayanin riƙo irin namu, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, Turawa ba su san shi ba.

Haka Malam Ya'ƙub ya rubuta cewa ni mai reno ce da ya ɗauka aiki, ya sa hannu kansa a sunkuye. Aka kuma ce a ɗauki bidiyona da yaron. Kin san Umma yake ce mini, don bai san wata ba. Ni da bakina na zauna ina koya masa ya ce Anti, ina ba shi alewa in ya faɗa daidai, ina ɗaure fuska in ya manta. Bidiyo ya yi kyau, Madam Duaa har da tafi. Shekaranjiya ya faɗo daga matakala, leɓensa ya fashe, ya taho da gudu yana kuka. A bakin ƙofa ya tsaya, ya kalli fuskata, ya haɗiye abin da ya fara faɗa, ya ce Anti. Wallahi Gwaggo, zuciyata ta karye. Na ce masa an gama wasan, ya ƙi yarda, yana tsoron kada in ɓata rai.

Roƙona shi ne ki karɓe shi idan ubansa ya kawo shi. Ba ya barci sai an shafa masa baya, kuma ba ya son yaji. Idan ya tambaye ni, kada ki gyara masa, ki bar shi ya kira ni yadda ya ga dama. Ni na ɓata, ni zan gyara in Allah ya dawo da ni.

Ki gaishe mini da Kawu Badamasi, da Ummi da yaranta, da Ukasha. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Nana Khadija, Umman Munzir