Jan Hannun Asabe Ba Lalle Ba Ne

Zuwa ga Hedimastan makarantar firamaren unguwarmu, Suleja.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da malamanka kuna lafiya. Ni ne Ɗanjuma maƙeri, kakan Asabe 'yar aji shida. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Sau uku na zo ofishinka, masinja ya bar ni a kan benci, wai magana sai a rubuce. To, ga ta a rubuce, kowa ma ya karanta.

Na ɗaya. Ranar Litinin, mako uku ke nan, wajen duban tsafta malama ta ga hannun Asabe ja, ta ce lalle ne, an kuwa hana. Aka tsayar da ita gaban yara, aka kore ta sai ya goge. Ranka ya daɗe, ba zai goge ba. Ruwan ɓawon maɗaci ne. Tun damina ɓarin jikin uwarta ya shanye, ubanta kuwa, ɗana, ya rasu. Kullum da safe yarinyar nan ke dafa ɓawon, ta gasa wa uwar jiki, ta yi mata wanka, ta ba ta koko a baki, sannan ta ruga makaranta. Da ta yi bayani aka ce ƙarya take.

Na biyu. Za a ce ina nake. Ina nan, itace da ruwa ni ke kawowa. Amma suruki ba ya yi wa matar ɗansa wanka, kai ma ka sani. Maman Bose mai haya a gidanmu takan zauna da ita da rana. Da safe kuwa tana kasuwa.

Na uku, ba na ɓoyewa, ni ne a da na ɓoye 'ya'yana a rumbu don kada a kai su boko, har aka zaunar da ni a rana gaban mutane. Ban manta ba. Amma wannan yarinya tana so, ga jarrabawar fita ta matso.

Roƙona: a mayar da ita aji. A yi mata uzurin makarar safe. Malama kuma ta faɗa gaban yaran nan cewa Asabe ba maƙaryaciya ba ce. A bincika, na san ba ita kaɗai ke jinya ba a makarantarka.

Allah ya ƙara maka girma. Ranar da jiki ya ƙi, Allah ya ba ka ɗa mai tsayawa a kanka.

Wassalam.

Ɗanjuma maƙeri, na dangwala da yatsana.